Gizo-gizo a Ruwan Rijiya

Ni da gizo-gizo ba ma ga maciji. Ina ƴar shekara bakwai tautau ya bi ta wuyana ina barci, na tashi da ƙuraje a jere tun daga bayan kunne har ƙashin wuya, suna ruwa suna ƙaiƙayi. Sati biyu ana shafa mini toka da man shanu, ƙudaje na rakiyata har lakwal, wato makarantar boko. Tun daga nan na sa wa duk mai ƙafa takwas karan tsana. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, nan gefen Keita, kuma duk yaron da ya zauna ajina ya san ba a buɗe littafi sai an ɗaga tsintsiya an share kusurwoyin nan huɗu.

Sai Allah ya jarrabe ni da ƙane. Autanmu ne, na ba shi shekara goma sha ɗaya, a bayana ya girma. Aka tura shi Yamai karatu, muna zaune muna jiran likita ko alƙali, sai ga shi ya dawo mana da ilimin ƙwari. Ƙwarin ma da fara ce ko tsutsar gero, da manomi ya ce madalla. Gizo-gizo ya zaɓa. In an tambaye ni aikinsa sai in ce yana koyarwa a jami'a, in yi maza in tambayi mutum lafiyar iyalinsa.

Wata kaka, an gama yankan gero ana kai dammuna rumbu, ya sauka gidana da jaka ɗaya da akwatin katako cike da ƴan kwalabe irin na turare. Na ba shi ɗakin baƙi da ke jikin zaure. Ba ni ya zo gani ba, kurmi ya zo wa.

Bayan garinmu akwai wani tudu. Da can fako ne, dutse da tsakuwa, ko akuya ba ta tsayawa. Ina budurwa aka zo da aikin raya ƙasa, maza duk sun tafi cin rani, mata suka fita da diga da kwanduna, suna jera duwatsu suna tare ruwa, suna haƙa ramuka suna dasa itatuwa, ana sallamarsu da hatsi da mai. Innarmu na cikinsu tun daga farko har ƙarshe. Ɗaukar dutse ta cinye mata gashin tsakar ka, har ta rasu bai sake fitowa ba. Yau wurin ya zama kurmi, dakwara da bagaruwa sun haɗe kai, in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi. Inna ba ta ga cikar girmansa ba, ta shekara goma sha biyu a ƙasa kafin wannan zuwa na auta.

A cikin kurmin ne ya tsinci abin nasa. Kwana na uku ya dawo yana haki, ya tare ni ina tankaɗe, ya miƙo mini kwalba da madubin ƙara girma.

"Yaya, don Allah duba. Sau guda ɗai."

Na duba, kuma har yau ina da-na-sani. Macen gizo-gizo ce, ba ta wuce ƙwayar dawa ba, amma madubin ya kawo mini ita dab da hanci. Ciki ne zungurum, kumburarre, yana sheƙi kamar kaskar da ta ƙoshi a kunnen kare, launin ƙasa-ƙasa, da ɗigo uku farare da wani ɗan tozo a baya. Ƙafafu sirara, gashi a jikinsu tsirara-tsirara. Miyau ya taru mini a baki, na ture hannunsa na tofar. Garin da nake tankaɗewa ma ranar ban iya cin tuwonsa ba.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya bi ni har madafa yana bayani. Wai wannan ba ta saƙa irin yanar nan mai zagaye da kowa ya sani, tata a hargitse take, zare ta ko'ina, a gindin dakwara daidai gwiwa, cike da busassun gawarwakin tururuwar da ta tsotse, ita kuma tana rataye a tsakiya ciki sama. Wai ya duba littattafai, ya aika wa abokan aikinsa hotuna, babu wanda ya taɓa ganin irinta. Ba ta da suna a duk duniya, kuma wanda ya fara bayyana ta a rubuce shi zai raɗa mata.

"To ka raɗa mata mana, ka kwashe ta ka bar min gida."

"Ba a karɓa sai da namiji, Yaya. Balagagge."

Nan ya shiga ba ni labarin namijin, wanda ban roƙa ba. Wai ƙanƙane ne, bai kai ƙwayar gero ba. A gaban bakinsa akwai wasu ƴan dunƙule biyu kamar ɗan dambe ya naɗe hannu, sai dai shi duka biyun ya naɗe, kuma siffar dunƙulen nan, in an sa ta ƙarƙashin babban madubi, ita ce ke raba wannan iri da sauran danginsa. Ƴan makonni kawai ake ganin mazan bayan ɗaukewar ruwa. Yawancinsu ma, da sun gama abin da ya kawo su, matar ce ke naɗe su ta tsotse. Na ce masa ya isa haka, ina da alwala.

Sati uku yana fita da sassafe yana dawowa da yana a gashi da gemu. Na ware masa kwanonsa da kofinsa. Ya tara mata goma sha shida, namiji ko ɗaya. Sai ranar wata Laraba ya shigo yana rawa, mutum da digirinsa, yana ɗaga kwalba sama. Ya samu guda. Kowace halitta da kwalbarta, a nitse cikin alkol, da ƴar takarda a naɗe a ciki. Ya gaya mini da bakinsa cewa alkol ɗin shi ke hana su ruɓewa, kuma shi ne dai wanda ake goga wa mutum a asibiti kafin allura. Na ji shi sarai. Ina faɗin wannan don kada wani ya nema mini uzurin jahilci.

A makon ne ƴata, wadda ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya. Kashegari auta ya tafi Tawa neman takardar izinin ɗaukar kayan nasa zuwa Yamai, da niyyar ya dawo kafin suna. Yana bakin ƙofa ya juyo.

"Yaya, kak ki bari kowa shi taɓa akwatin ga."

Na ce wa zai taɓa ƙazanta.

Saura kwana uku suna Gwaggo ta iso. Ƙanwar mahaifinmu ce, Hajiya, kuma duk wani taro a danginmu ita ke riƙe da ludayinsa. Ta zagaya gida tana rabon ɗakuna, ta ce ɗakin baƙi za a share a shimfiɗa wa dangin mijin ƴata masu zuwa daga Madawa. Ta tura ƙofa, ta tsaya cak, ta ɗaga hanci.

"Ke, taho nan. Mi na wanga wari?"

"Gwaggo, na likita na, wanda aka shahwa ma mutum kahin allura."

"Ni za ki hwaɗa ma warin giya? Cikin warinta anka haihe ni. Jibi surukkanki na tahe, malamai tun kakanni. Su shigo ɗakin ga su shaƙa, su koma Madawa su ce mi? Su ce Azna dai ba su bari."

Wanda ba ɗan ƙasarmu ta Adar ba ne ba zai san inda maganar nan ta soke ni ba. Kakanmu cikin Azna yake, masu tsafin gargajiya, bai yi salla ba. Shi ke yanka wa dutsen gari baƙin bunsuru kafin shuka, kuma tulunan giya ba su yankewa a gidansa. Mahaifinmu ne ya fara kallon gabas. Yau duk muna salla, wasunmu sun je Makka, amma gidajen da suka riga mu ba su manta ba. Ko a wajen biki, cikin wasa, sai wata ta ce a ba jikokin masu tulu ruwa kada su nemi wani abu. A yi dariya, mu ma mu yi, mu dawo gida da abin a maƙoshi. Gwaggo ta fi kowa jin zafinsa, don ita ta ga tulunan da idonta.

Na ce to in kai akwatin rumbu. Ta ce abin nan ba zai kwana cikin gidan da za a raɗa sunan Musulmi ba, ko rumbu ko bayan gida. Da na so, da na kai shi ajina na kulle a kabad, makullin na ɗaure a bakin zanena. Ban kawo wannan a raina ba sai daga baya, ko kuma ban so in kawo ba. Sati uku ina haɗiye ƙyama a cikin gidana, ga Gwaggo ta ba ni dalili mai rawani.

Sai na yi abin da a lokacin na ɗauka wayo ne. Ba zan zubar masa da halittunsa ba, ruwan kawai zan sauya. Wannan fari, wancan fari.

Da la'asar na kai akwatin bayan makewayi. Na ɗaure hanci da mayafi, na sa tsumma a bakin kowace kwalba, na kau da kai na tsiyaye. Ina jin ɗan nauyinsu yana faɗowa kan tsumman. Goma sha bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Na cika su da ruwan rijiya, har tace shi na yi don kada auta ya ce na sa masa datti. Babbar kwalbar alkol ɗin da ya rage na tuttular a rami na rufe da ƙasa. Akwatin na ɗora shi a ɗakin ajiya, can sama dab da kwanon rufi. Na ƙone tsumman, na wanke hannu da sabulu da toka sau uku. Ni da na sha tsayawa gaban allo ina koya wa yara abin da ke sa nama ruɓewa.

Suna ya yi kyau. Mutanen Madawa suka yaba tsabtar gida, Gwaggo ta koma tana sa mini albarka.

Takarda ta riƙe auta a Tawa, sai kwana uku bayan suna ya dawo. Ya yi barka, ya ɗauki jariri, ya tambayi akwati. Na nuna masa da baki. Ya sauko da shi tsakar gida, ya buɗe, ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba ta a hasken rana. Ruwan ya koma kamar ruwan wankin gero. Ya zare murfin.

Na san warin mushen ɓera a bayan tulu, na san na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ɗan mitsitsin abu ya fi su, don wari ne mai zaƙi-zaƙi da ke mannewa a maƙogwaro. Ƴata ta ja jaririnta ta shige ɗaki. Cikkunan nan masu sheƙi duk sun fashe, wani farin abu kamar auduga ya tsiro a kansu, ƙafafu na yawo daban-daban. Ya bi kwalaben ɗaya-ɗaya. Ta namijin ya bari ƙarshe. Ya juye ta a faranti, ya durƙusa da madubi da ɗan hantsaki yana neman dunƙulen nan biyu. Ya daɗe. Duk abin da ya taɓa sai ya narke ya zama yauƙi.

"Wa at taɓa?"

"Ni ta."

Na ɗora da bayani, murya sama, yadda mai laifi ke yi. Gwaggo, surukai, abin da za a ce da mu. Har na ce masa shi ma da ya san darajar gidan nan da bai kawo mana wannan abu ba. Ya sa hantsaki ya ciro ƴar takardar da ke cikin kwalbar, ya warware ta a hankali a gefen faranti, ya turo mini.

Da fensir ya rubuta, shi ya sa ruwa bai wanke ba. Sunan garinmu, ranar da ya kama shi, a ƙasa kuma kalmomi biyu na Latin. Ta farko ban san ta ba. Ta biyu sunan Inna ce, da ɗan ƙarin haruffa a wutsiya.

Ban taɓa ganin sunan nan a rubuce ba. Inna ba ta da takardar haihuwa, ba ta yi katin ɗan ƙasa ba, kabarinta dutse ɗaya ne irin na kowa. Mu ƴaƴanta ba mu faɗar sunanta, kunya ta hana. Kuma sunan irin na da ne, na gidan kakanni, wanda liman ba ya raɗawa, don haka duk jikokinta mata babu wadda aka mayar wa. Tun da aka binne ta ban ji shi a bakin kowa ba. Ga shi yau a gefen faranti, yauƙi na bin sa.

Abin da ya fara fitowa daga bakina ba abin kirki ba ne.

"Ka rasa inda za ka liƙa sunan Inna sai jikin wagga ƙazanta?"

"Cikin itacen da tad dasa yaka zaune, Yaya. Ba a gan shi ko'ina ba sai nan. Kuma sunan da anka ba halitta ba a sake shi. Mu za mu mutu, shi yana nan."

Ya kwashe kwalaben ya kai bayan gida ya wanke da kansa. Ni kuwa ƙyamar da na yi sati uku ina yi wa gizo-gizo ta juyo kaina gaba ɗaya. Na ji ƙyamar hannuna, na ji ƙyamar albarkar da Gwaggo ta sa mini, na ji ƙyamar yabon mutanen Madawa.

Ya ƙara kwana huɗu yana shiga kurmi. Mata na nan, mazan sun ƙare. Hutunsa ma ya ƙare, ya koma Yamai. Ya bar akwatin da madubin a ɗakin baƙi, bai ce ya bar mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Da damina ta zagayo ta fara ja baya na kira shi a waya. Ya ce bana ba zai samu zuwa ba, aiki ya riƙe shi, sai wata shekara in da rai. Ni kuwa ina ganin masu gatari sun fara cin kurmin ta gefen yamma. Ranar kasuwa na hau mota na je Keita, na shiga farmasi, shagon magani, na ce a ba ni alkol babbar kwalba. Mai sayarwar tsohon ɗalibina ne, ya kawo leda baƙa zai naɗe, na ce ya bar ta haka. A hannu na riƙo ta har gida, ta gaban masallaci.

Kwana goma sha tara na yi ina shiga kurmi bayan sallar asuba, kafin a buga ƙararrawar lakwal. Mace mai jika, rub da ciki a gindin dakwara, ƙaya na yagar zane, madubi a ido. Yanar gizo ta manne mini a gira, ta shiga mini baki, wata rana wata gizo-gizon ta sauko ta bi ta cikin hannun rigata, na yi amai nan take a gindin itacen. Mata masu itace suka riƙa tsayawa suna kallo, na ji wata na cewa Madam ta lakwal ta taɓu. Kada wani ya ce a kwanakin nan na fara son abin. Ban so shi ba, ko kaɗan. Na dai koyi inda yake zama. Namijin ba ya shiga tsakiyar yana, a zaren can gefe yake maƙalewa yana jiran sa'a, kamar baƙon da bai tabbata za a ba shi abinci ba.

Na kama huɗu da nake zaton maza ne, da mata shida. Na rubuta gari da rana da fensir yadda na ga ya yi, na naɗe akwatin da tsohon zane na ba direban motar Yamai. Kwana biyu waya ta yi ƙara.

"Yaya, ukku ƴan mata na, ba su girma ba."

Sai ya ɗora.

"Na huɗun namiji na. Balagagge. Ko ƙahwa guda ba ta karye ba."

Na ce masa to madalla, kada ya sake aiko ni, na kashe wayar na zauna a bakin gado.

An fi shekara kafin ya aiko mini da ambulan. Takardu ne da harshen da ba na ji sosai, da babban zanen halittar, mace da namiji, an kumbura su sun kai tafin hannu, kowane gashi an fitar da shi. A ƙasa ga kalmomin nan biyu, da ɗab'i. Na kafa shi a bangon ɗakina, amma na rataya ɗankwali a kansa ya rufe zanen, sunan kawai ke leƙowa. Ba zan iya buɗe ido da safe in ga cikin nan ba.

Gwaggo ta zo mini wuni bayan ƙaramar salla. Ta tsufa sosai, da sanda take tafiya. Ba ta taɓa sanin abin da ya biyo bayan ruwan rijiyar nan ba, ban gaya mata ba. Tana zaune ta hango ɗankwali a bango, ta miƙa sanda ta ɗage shi.

"Tir! A'uzubillahi. Wane mugun abu na wanga kinka rataye bisa kanki?"

"Aikin auta na, Gwaggo. Na cikin kurmi."

"Shi dai bai bari ba. To mi anka rubuta nan ƙasa?"

Na ce sunan halittar ne. Ta ce in karanta mata. Na karanta kalmar farko, ta taɓe baki. Na tsaya. Shekarata hamsin da biyu, ban taɓa furta ta biyun ba. Na runtse ido na faɗa.

Sandar ta sauko a hankali. Gwaggo ta daɗe tana kallon bangon, zanen a buɗe, ba ta ƙara cewa tir ba.

"Rabona da in ji shi tun muna ɗaukar dutsi," in ji ta. "Sake hwaɗi."

Na sake faɗa.